Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyar Direbobi Ta Jihar Gombe: A Hau Da Yaranmu Kan Tirela Su Gani Da Idonsu

Zuwa ga shugabannin Ƙungiyar Direbobi ta Ƙasa, NURTW, reshen Jihar Gombe, da ciyamomin tashoshinmu manya da ƙanana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da aiki, barka da haƙuri da jama'a. Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Ni ɗanku ne, kuma ɗan ƙungiya. Da karen mota na fara tun ina yaro, ina sa weji, ina ɗaure tamfol, ina kwana a ƙarƙashin mota. Sai da na shekara shida a haka kafin maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yarda ya sakar mini sitiyari. Na ja tirela shekara 19. Na ɗauki siminti, na ɗauki hatsi daga Tudun Hatsi, na kai shanu kudu ba adadi. Da ciwon baya ya matsa mini sai na sauko, yanzu Sharon nake ja tsakanin Gombe da Bauchi. Ke nan na zauna a sama na kalli ƙananan motoci, yau kuma ina ƙasa ina kallon manya. Abin da na gani daga kujerun nan biyu shi ya sa na rubuto muku, kuma na rubuto a fili ne don waɗanda ba sa zuwa taron ƙungiya su ma su ji.

Ranku ya daɗe, bari in fara da ranar da ba ta barin zuciyata. Wata ranar kasuwa ce da la'asar, na ɗauko masara buhu 300, ina tafiya a hankali don na san gari na gaba. Sai wata Golf ta wuce ni, ta dawo hannunta dab da hancina. Ko numfashi ban sauke ba direban ya hango fasinja na ɗaga hannu, ya taka birki a kan kwalta. Ta hagu bas ce ke tahowa cike da mutane. Na taka nawa birkin har ƙasa, na ji motar tana ci gaba da turo ni kamar ban taka komai ba. Sai na karya kan mota zuwa daji ta hannun dama. Ruwa ya riga ya cinye bakin titin, tayoyi suka zurma, mota ta kwanta a ɓangaren da yaron motata yake zaune. Shekararsa 17 a lokacin. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ba ta dawo gida tare da shi ba.

Direban Golf ɗin bai gudu ba. Ya dawo da gudu yana salati, yana kuka, ya kama hannuna yana cewa, "Baba, wallahi na ɗauka za ka tsaya." Ba mugu ba ne, ba mashayi ba ne. Yaro ne mai neman abincinsa wanda babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa tirela ba ta tsayawa yadda Golf ke tsayawa. Shekaru sun wuce, amma kullum na hau hanyar Bauchi sai na ga wani yana aikata abin da yaron nan ya yi, da irin tunanin nan nasa: ai zai tsaya, ai yana ganina.

Ba ya ganinka, kuma ba lallai ya iya tsayawa ba. Ga dalili.

Buhun siminti kilo 50 ne. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta da bodinta. In aka haɗa duka, abin da ke biye da kai ya kai nauyin Sharon kusan ashirin a ɗaure wuri guda. Kuma birkin babbar mota ba na mai ba ne irin namu, na iska ne. In direba ya taka, sai iskar ta bi ta cikin tiyo ta isa har tayoyin baya kafin su kama, wannan ma wani ɗan lokaci ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Kafin ido ya gani, ƙafa ta tashi daga totur ta koma birki, iska ta isa baya, an yi sakan biyu, mota ta riga ta ci fiye da mita 30 ba ta ma fara rage gudu ba. Daga nan sai ta ƙara cin kusan wani haka kafin ta tsaya cak. Wannan fa a shimfiɗaɗɗiyar hanya ce busasshiya, da birki mai lafiya, da direban da ya yi barci ya ƙoshi. In gudun ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take yi huɗu. To ina ga wanda ya shigo gabanta ya bar tazarar da ba ta wuce tsawon mota biyu ba?

Filin nan da direban tirela ke bari tsakaninsa da motar gabansa, ba kyauta ya bar wa kowa ba. Wurin tsayawarsa ne. Duk wanda ya cusa kai a ciki ya ƙwace masa shi.

A gangara kuwa abin ya fi haka muni, kuma mu mutanen Gombe mun fi kowa sanin wannan, tunda garinmu a kwari yake. Duk wanda ya taɓa saukowa daga Tumfure zuwa cikin gari da cikakken lodi ya san yadda gabansa ke faɗuwa. In direba ya dogara da birki kaɗai a doguwar gangara, duram yakan yi zafi har birkin ya daina kamawa. In kuma ya yi ta dannawa yana saki, iskar tankin ta ragu fiye da yadda kwamfuresa ke mayarwa. Shi ya sa tsofaffin direbobi suka koya mana a sa babban giya, wato na tafiya a hankali, tun daga saman gangara, a bar inji ya riƙe mota. Amma ɗan Keke Napep da ke tsaye a ƙasan gangarar yana ciniki da fasinja, rabin kekensa a kan kwalta, bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bai san cewa in ya ji tirela na danna oda ba ƙaƙƙautawa tana wasa da fitila, ba gadara ake yi masa ba, ce masa ake ya tsira da ransa. Mun ga abin da ya faru a Billiri ranar Litinin ɗin Ista, a watan Afrilun 2025, da babbar mota ɗauke da hatsi ta ƙwace ta afka cikin masu jerin gwano, aka rasa rai biyar. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Sai maganar gani. Tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, direba a hagu yake zama. Saboda haka duk abin da ke raɓe da ƙofar dama ta tirela, daga gindin taya ta gaba har zuwa tsakiyar bodi, yakan ɓace masa ɓat. Keke Napep guda na iya shigewa wurin nan da fasinja huɗu, direba ya duba madubi ya ga wayam. Haka gaban mota: kujerar tirela tana da tsayi, ɗan acaɓan da ya kutso ya tsaya a gindin bamba lokacin cunkoso ba a ganinsa ko kaɗan, sai dai in an miƙe tsaye an leƙa. Bayanta kuwa ba a magana, don tirela ba ta da madubin tsakiya. Abin da nake gaya wa yaran da ke bina shi ne, in ka ɗaga kai ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai san da kai a duniya ba.

Wannan ne ke kashe mutane a shataletale da mararraba. Tirela in za ta sha kwana ta dama, sai ta fara buɗewa hagu, domin tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki. Mai babur ya ga fili ya buɗe ta dama, ya ce ga hanya, ya shige. Kan mota ya juyo, bodi ya biyo baya ya rufe filin. Babu inda zai gudu, ga kwalbati ga taya. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan gawa, ba na fatan ko maƙiyina ya gani.

Ranku ya daɗe, yanzu bari in zo kan namu na 'yan Sharon da Golf da Homa, wato obatekin. Hanyoyinmu duk falle ɗaya ne: ta Bauchi da ke bi ta Bara da Alkaleri da gadar Dindima, ta Yola da ke bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo da Cham, ta Bajoga zuwa Potiskum, ta Dadin Kowa zuwa Biu. Duk wanda zai wuce tirela a hanyoyin nan dole ya ari hannun masu tahowa. Na zauna na yi lissafin da kaina. In tirela na gudun 60 kai kana gudun 80, kafin ka fito daga bayanta, ka shafe tsawonta, ka ba ta tazara ka koma hannunka, ka yi sama da sakan goma, ka ci kusan mita 250. Wanda ke tahowa shi ma ba tsaye yake ba, ya ci kamar haka. Ke nan sai kana hango hanya fayau har rabin kilomita kafin ka fita. Mu nawa ne ke jiran haka? Sai ka ga mutum ya fita a kan kwana, ko a hawan tudu inda bai san abin da ke bayansa ba, ko ya ga tirela uku a jere ya ce zai haɗiye su a tashi ɗaya. Wani kuma ba ya ma dubawa, na gabansa ya fita shi ma ya bi shi a baya kamar raƙumi da akala. Na gaban ya samu ya shige, shi ya yi ido biyu da tanka.

Fasinjoji ma suna da nasu laifin, ba zan ɓoye ba. Sau nawa ake ce mini, "Direba, ka ci tuwo ne? Wuce shi mana, muna sauri." Ni da furfurata ina iya cewa wanda ke sauri ya sauka. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar ba zai iya ba, kunya da zuga za su tura shi.

Akwai kuma al'adar nan ta sigina da muka gada a hanya. Direban tirela ya kunna ta hagu, ma'ana kada ka fito akwai mota. Ya kunna ta dama, ma'ana hanya ta yi kyau. Taimako ne, ni ma na yi wa mutane, amma ba a doka take ba, kuma ba kowa ya fahimce ta iri ɗaya ba. Wataƙila mutumin da gaske tsayawa zai yi a dama saboda akwai abu a gabansa. Wataƙila yaron mota ne ke riƙe da sitiyari. A karɓi siginar a matsayin shawara, amma ido shi ne alƙali. Kuma ba za ka iya hangen gaba ba in ka manne wa gindinta. Ja baya tukuna, ka samu wurin gani, ka kuma tsira daga dutsen da taya ke harbowa da ɓallen taya in ta fashe, da tirelar da ke zamewa baya in giya ya kuɓuce mata a hawa.

Dare da hazo kuwa sai addu'a da rage gudu. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai safiyar da ba ka ganin abin da ke gabanka sai kun yi kusa. Tirelar da ta lalace a kan hanya, ba fitilar baya, ba ƙyalle mai ƙyalli, sai ganye uku da aka jefa dab da gindinta. Mai gudun 100 kafin ya gane ganye ne ya riga ya shige ƙarƙashinta, kuma bodin tirela daidai gilashin gaban ƙaramar mota yake.

Tanka ita ma a ba ta girmanta. Mai yana kai-kawo a cikinta, in aka taka birki ya turo gaba, in aka sha kwana ya kwanta gefe, shi ya sa ta fi saurin faɗuwa. In kuma ta faɗi, direban motar haya shi ne ya kamata ya fara juya fasinjojinsa baya, ba ya tsaya kallo ba. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar fetur, da na mararrabar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, ya isa ya sa kowane direba ya san haka.

Kada wani ya ce tsohon ɗan tirela ya zo wanke 'yan uwansa. Ba zan wanke su ba, don na san cikin gidan. Na san masu sakin mota firi a gangara don su rage shan gas, alhali wannan shi ne hanya mafi kusa zuwa ga tsinkewar birki. Na san masu ɗora buhu 900 a motar da aka ƙera don 600. Na san masu kwana biyu ba barci, suna danne shi da ƙwaya da baƙin shayi, in ya ci ƙarfinsu su miƙa wa yaron da ko lasisi ba shi da shi. Na san masu ɗibar mutane su jera a saman kaya ko a kan katakon shanu, in mota ta faɗi a rasa na ɗauka. Na san masu hawa tsakiyar hanya da dogon haske su ce ƙarami ya kauce. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ba tirela da tanka gudun 45 a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, ta ba motocin haya 80 a babbar hanya. Ku da ni mun san abin da allura ke nunawa tsakanin Alkaleri da Bauchi da tsakar dare. Waɗannan duk laifi ne, kuma ina roƙon ku da ku faɗa wa sashen manyan motoci da masu motocin haka ba tare da kara ba. Sai dai ko da duk direbobin tirela sun zama salihai gobe, nauyin motar ba zai ragu ba, madubinta ba zai fara ganin ƙofar dama ba. In an yi karo, mu na ƙasa ne ake ɗauka a tabarma.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Fasinja bakwai da ke bayanka amana ce, ba su ba ka izinin gwada sa'a da ransu ba.

To ga roƙona, ranku ya daɗe, kuma ba ya cin kuɗi. Na halarci tarukan wayar da kai da ake yi a tasha a watannin ƙarshen shekara. Ana kafa rumfa, a yi jawabai masu kyau, direbobi na sauraro da kunne ɗaya, ɗayan na wajen lodi. Gani ya kori ji. Ku nemi tirela guda daga 'yan uwanmu na manyan motoci ko ƙungiyar masu motocin, NARTO, a kawo ta cikin tasha a ajiye. A sa Keke Napep a gindin ƙofar dama, a sa babur a gaban bamba, a sa Golf a bayanta. Sannan kowane direba ya hau ya zauna a kujerar, ya riƙe sitiyari, ya duba madubi, a tambaye shi me yake gani. Zai ce ba komai. A ce ya sauko ya zagaya. Wallahi minti biyar ɗin nan za su zauna a kansa fiye da jawabin awa uku. A kuma auna mita 70 a ƙasa da igiya, a ce masa daga nan zuwa can ne motar nan ke buƙata kafin ta tsaya, ya taka da ƙafarsa ya ji nisan.

Ku ke da layi a hannunku. Ku ne ke cewa wane ya yi lodi, wane ya jira. In kuka ce sabon direba ba zai shiga layi ba sai ya hau kujerar nan, babu mai musu. In kuka ce duk wanda fasinja suka kawo ƙararsa kan ganganci a gaban babbar mota zai huta kwana uku, za a ga canji kafin wata ya ƙare. Ku gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, su tsaya tare da ku, tunda wayar da kan masu tuƙi na cikin aikin da aka kafa ta dominsa a 1988, a kuma liƙa lambarsu ta gaggawa, 122, a cikin kowace motar haya inda fasinja zai gani. Ku kira shugabannin 'yan Keke Napep da na 'yan acaɓa ko da ƙungiyarsu daban ce, don yaransu ne suka fi shiga gindin taya. Sannan ku duba maganar ɗaukar fasinja a kan kwalta a garuruwan bakin hanya ranar kasuwa. Ku zauna da masu unguwanni da 'yan kamasho a ware wuri a gefe, nesa da gangara da kwana, wanda mota za ta sauka daga titi gaba ɗaya kafin ta tsaya.

Ni a shirye nake in zo duk tashar da kuka ce, ba na neman ko sisi. Akwai tsofaffin direbobin tirela irina da yawa a garin nan da ke zaune a gida, za su zo da murna. Na kuma yi magana da yaron motar nan tawa, wanda yanzu magidanci ne da 'ya'ya huɗu, yana sayar da baƙin mai a bakin hanya. Ya ce in kun sa rana zai rufe shago ya zo da sandarsa, a ɗaga shi a ɗora a kujerar dama inda yake zaune ran nan, shi zai riƙa tambayar yaran abin da suke gani a madubi.

Ina jiran amsarku.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon direban tirela, mai jan Sharon a layin Gombe zuwa Bauchi.